Shimfiɗa a Kan Goro

Ni haifaffen Sabo ne, unguwar Hausawa a Ibadan, kuma har na yi aure ban taɓa wuce Ilori ba. Amma da a lokacin za ka ce mini ban san Arewa ba, da mun yi faɗa. Ba Bahaushe ba ne ni? Ba daga can ubana ya zo ba? Gaskiyar magana kuwa, Arewar da na sani ba ta wuce hirar fatake a zauren gidanmu ba. Sanyin da na sani shi ne na bayan ruwan sama, wanda za ka ja zane ka rufe ƙafa, kafin hantsi ka koma neman mafici. Ina da keken ɗinki a wata rumfa kusa da shataletalen Mokola, na yi boko daidai gwargwado, Yarbanci kuwa ko ɗan gari bai fi ni ba. Shekaruna ashirin da huɗu, ga saurin fushi, ga ganin babu abin da wani zai koya mini.

Matata 'yar can ƙuryar Arewa ce, wani ƙauye bayan Nguru, daf da iyakar ƙasar da tsofaffi ke kira Faransa. Mahaifinta falken shanu ne, a gidan ubana yake sauka duk zuwansa Ibadan, amincinsu ne ya kai ga aurenmu. Ba mace ce mai shiru ba. In muna mu biyu sai ta yi ta kwaikwayon Hausata ta 'yan Sabo har sai ta ga na kumbura, sannan ta kwashe da dariya. Amma tun da ta sami ciki sai bakinta ya mutu a kan duk abin da ya shafi jikinta. Cikin fari ne, kuma a wajensu mace ba ta nuna wa miji ta ma san da shi. Ko amai za ta yi sai ta zagaya bayan ɗaki.

Ana cikin yaƙin basasa a lokacin, shekara ta biyu. Saƙo ya zo daga mahaifiyarta ta bakin wani mai shanu, cewa a kai ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haihu a gaban uwarta. Muka ce bari a sha ruwa tukuna, aka yi Salla, muka ƙara jan ƙafa saboda labaran hanya, har ciki ya shiga wata takwas. Gwaggo, ƙanwar ubana wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ya kamata ta raka ta. Sai ga gwiwarta ta kumbura.

"Kai, bar yarinyar nan ta haihu a nan," in ji Gwaggo. "Ni ba uwa ba ce? Wa ke ɗaukar mai tsohon ciki ya hau hanya ana yaƙi, a tsakiyar ɗari?"

"Don su ce mu 'yan Kurmi mun watsar da al'ada? Su ce mun zama Yarbawa? Wallahi ko a kafaɗa ne sai na kai ta."

Abin da ke cina ke nan. Duk wanda ya zo daga Arewa sai ya yi mana wani kallo, wai Hausarmu ta sha manja. Da ubana na raye da ya tsawata mini sau ɗaya na zauna, amma ya rasu shekara guda kafin nan, ni ne babba a gida. Gwaggo ta tafa hannu ta ce Allah ya kiyaye.

Jirgin ƙasa ya zama na sojoji da kayansu, sai ka kwana uku a tasha ba ka sami wurin tsayuwa ba. Sai na sami wata babbar mota mai bodin katako da za ta kai goro har Nguru. Direban dattijo ne, Bakano, da furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Da ya ga matata a lulluɓe tana tafiya da ƙyar, ya kira ni gefe.

"Tela, a sa ta a gaba kusa da ni. Kai ka zauna ta bakin ƙofa."

Nan take zuciya ta ɗebe ni. Matata ta zauna cinya da cinya da wani ƙato har kwana shida, kowane soja a shinge yana leƙa fuskarta? Na ce masa na gode, Baba, ai na riga na samar mata wurin da ya fi gaba daɗi. Ya dube ni, ya ce to, ya tafi duba tayoyinsa.

Wanda bai san goro ba, bari in gaya masa. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Ana jera shi cikin ganye, a naɗe da algarara, a ɗaure tamau da igiya, shi ne huhu. In za a yi doguwar tafiya da shi, kullum safiya sai an yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya yanƙwane kafin a isa. Mu yaran Sabo mun tashi muna kokawa a kan wa zai kwanta bisa huhu a ɗakin ajiya, don a zafin Ibadan babu wuri mai ni'ima irinsa, ga laima, ga ƙamshin ganye. Duk ɗan Sabo da ya hau motar goro, nan yake fara kamawa. Shi ne na matsa wa mai goron, wani siririn mutum da ke rakiyar kayan, har ya yarda na daidaita huhuna huɗu a can ƙuryar mota, na shimfiɗa tabarma da zannuwa. Na kwana biyu a kan keke ina ɗinka labule mai kauri, na ɗaura shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta yadda ko ni da ke zaune a bakin mota tare da mai goro ba na hango ta. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan dabara.

Ranar farko kuwa ta yi kyau. Rana na dukan tamfol, mu a baya gumi na zuba, ita tana ciki a kan sanyi. Da muka tsaya salla a Ogbomosho ta ce mini a hankali, "Malam, wurin nan da daɗi." Ni kuma na yi ta hura hanci.

A gadar Jeba muka fara sanin ana yaƙi. Motoci sun yi layi har ba ka ganin ƙarshensu, sojoji na bi ɗaya bayan ɗaya suna bincike. Da aka zo kanmu wani soja ya hau, ya bubbuga huhuna da gindin bindiga, ya nuna labule.

"Me ke nan ciki?"

"Iyalina ce."

"Buɗe."

Aikinsa yake yi, yanzu na san haka. A lokacin kuwa sai na tsaya a gabansa na ce matar aure ce, ba a buɗe ta. Ban san sa'ad da bakin bindiga ya taɓa ƙirjina ba. Sai ga direba ya hawo yana ba da haƙuri, ya ture ni gefe, ya ce, "'Yata, yi haƙuri, ɗaga labulen da kanki." Ta ɗaga. Sojan ya ga mace da ciki, ya kau da kai ya sauka. Maimakon in gode wa Allah sai na huce a kanta. Na leƙa na ce daga yau in mota ta tsaya kada in ji motsinta, ko tari ne ta haɗiye shi. Na ƙara wa labulen igiya.

An hana tafiyar dare a lokacin. Duk shingen da magariba ta riske ka, nan za ka kwana. Maza su sauka su hura wuta su kewaye ta, matata kuwa na ce ta yi zamanta a mota, ya fi sutura. Tana sauka da asuba da kuma lokutan salla, a lulluɓe, ta zagaya can nesa. Kafin ta dawo mai goro ya ɗage tabarma ya yayyafa ruwansa, ni in mayar da shimfiɗa. Haka muka wuce Mokwa, muka wuce Tegina.

Wajen Zariya na fara jin abin da ban taɓa ji ba. Na zuba ruwan alwala a hannu, sai na ji kamar an tsaga mini yatsu da reza. Leɓena ya fashe. Na haɗa rigunana uku na saka, mai goro na yi mini dariya, yana cewa ɗan Kurmi, ai ba ka ga komai ba tukuna. A Kano direba ya ce in saya wa matata bargo, don gaba ya fi nan. Na saya mai kauri, na tura mata ta ƙarƙashin labule.

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malam."

Kullum tambayar ke nan, kullum amsar ke nan. Na ji na sauke nauyi. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa bargo daga sama yake rufewa, ruwa kuwa daga ƙasa yake hawowa.

Bayan Kano iska ta bushe ƙayau, har igiyoyin huhu suka fara sassautawa. Hankalin mai goro ya tashi, ya ce daga yanzu safe da yamma za a riƙa ba kaya ruwa, kuma ba yayyafi ba, a jiƙa sosai. Ni da hannuna na riƙa ɗebo masa ruwan a garwa duk inda muka sami rijiya. Ni ne ma na ce masa kada ya manta da na ƙurya, inda take kwanciya.

Muka wuce Gumel, muka wuce Haɗeja, kwalta ta daɗe da ƙarewa. Daga nan sai daji fetal, ƙaya da goriba da rairayi, ka yi tafiyar sa'a biyu ba ka ga rufin ɗaki ba. Ni da na tashi a garin da ko'ina ka juya mutum ne, tsoro ya kama ni, amma ban nuna ba. Daren na biyar a wani shinge muka kwana da ba kowa sai sojoji uku da ganga biyu da sanda a gicciye. Na kwanta daf da wuta, har gefen rigata ya babbake.

Da asuba muka yi alwala muna karkarwa, muka yi salla. Matata ba ta sauko ba. Na je gindin mota na buga katako.

"Ke, gari ya waye."

Shiru. Na sake bugawa da ƙarfi, raina ya fara ɓaci, ina cewa a zuci wane irin barci ne wannan. Na hau, na taka huhuna, na kwance igiyar labule na ɗaga.

Tana kwance a dunƙule, ta cusa bakin mayafinta cikin baki ta danne da haƙora, ƙirjinta na tsalle da tarin da take hana shi fita. Duk jikinta rawa yake, har tabarma na ƙara. Na dafa shimfiɗar don in matsa kusa, sai ruwa ya fito ta tsakanin yatsuna. Tabarma sharkaf, zannuwa sharkaf, bargon ma ya sha ruwa ya yi nauyi. Na taɓa goshinta, zafi rau. Na taɓa ƙafarta, sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ta buɗe ido ta gan ni, abin da ta fara yi shi ne jan mayafi ta rufe cikinta.

Inna lillahi! Na diro daga mota na shaƙe wuyan mai goro ina ihu, ka kashe mini mata, ka kashe mini mata. Bawan Allah ya zazzaro ido, bai ma san me nake faɗa ba. Direba ya ɓamɓare ni da hannu ɗaya, ya hau mota, ya leƙa, ya sauko. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Tela, kana nufin duk kwanakin nan a kan jiƙaƙƙen huhu yarinyar nan take kwana? Na zaci ka sa mata katako da buzu a ƙasa."

"A Sabo ai haka muke..."

"Nan Sabo ne?"

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Muka sauko da ita mu biyu, kunya ta ƙare. Direba ya tuɓe babbar rigarsa ta saƙi, ɗaya daga cikin sojojin ya kawo nasa bargon ba tare da an roƙe shi ba. Muka juya mata baya ta cire jiƙaƙƙun kaya a gefen wuta, aka naɗe ta. Sannan na je gaban dattijon nan, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, don Allah a sa ta a gaba." Ya ce, "Tun yaushe wurin ke jiranta."

Ya ce akwai asibiti a Nguru, in Allah ya so kafin azahar muna can. Sai mota ta ƙi tashi. Sanyi ya kama injin. Ya murza, ta yi tari ta mutu. Ya sake murzawa, haka. Aka dafa ruwa aka zuba mata, mu da sojoji muka tura a cikin rairayi har numfashina na neman ɗaukewa, ina jin tarin matata daga gaba, yanzu ba mai hana shi fita. Sai da rana ta ɗaga sannan ta kama.

Muna tafe, tana tsakaninmu, kanta a kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi a gaban wani ba. Zafin jikinta na ratsa rigunana uku. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji ta sandare. Can na lura ta kama ƙarfen gaban mota ta riƙe, ta saki, bayan ɗan lokaci ta sake kamawa. Ni ban gane komai ba. Direba, mai 'ya'ya tara, yana satar kallon hannun nan nata. Sai ya rage gudu, ya yi ta duba hagu da dama.

"Baba, me ya faru? Ka taka mana!"

"Ba za mu kai Nguru ba. Matarka naƙuda take."

Na juya na dube ta. Ta sunkuyar da kai, wai har a lokacin kunya take ji. Na ce ai wata bai cika ba, kamar direba ne zai cika shi. Ya saki hanya ya bi wani sawun shanu, saboda ya hango hayaƙi. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta nutse a rairayi. Mai goron da na shaƙe ɗazu shi ya fara dirowa, ya durƙusa yana tono da hannu, muka karyo ganyen kaba muka cusa. Mota ta yi gurnani ta fita. Yatsuna duk sun fashe suna jini, ban ji ba sai daga baya.

Ƙauyen bai fi ɗakuna goma ba, duk na zana da ciyawa. Direba ya yi sallama da ƙarfi ya ce mace ce a kan gwiwa. Wata tsohuwa ta fito, 'yar ƙarama, baƙa, da tsage a kumatu, Hausarta na karyewa irin ta Barebari. Ta taɓa wuyan matata, ta taɓa ƙafa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne mijin?"

Na ce ni ne.

"A kogi ka tsoma ta?"

Ba ta jira amsa ba. Mata suka ɗauke ta zuwa ɗaki, na ga ana shiga da itace da tukunya. Aka shimfiɗa mana tabarma a rana a jikin wani danga, mazan garin suka zo suka gaishe mu, aka kawo fura. Mai goro ya kwance huhu guda, abin da ba a yi a hanya, ya rarraba musu. Ni dai kunnena na ɗakin nan. Ba ihu, ba kuka, sai tari da muryar tsohuwa. Na yi duk addu'ar da na iya, na yi wa Allah alkawura iri-iri. Ina tsoron ta mutu, ina tsoron abin da ke cikinta ya mutu, kuma ina tsoron a tambaye ni yadda aka yi.

Daf da azahar na ji wani ɗan sauti siriri, kamar na ɗan mage. Mazan suka ce barka, barka. A al'ada uban ɗan fari sai ya yi kamar bai ji ba, ya ma tashi ya bar wurin. Na miƙe zan yi hakan, sai tsohuwa ta leƙo ta yafito ni.

"Zo nan. Bar kunyar nan, babu lokacinta. Zo ka yi mata kiran salla a kunne."

Ɗakin ya ɗauki zafi, hayaƙi na yaji a ido. Matata na kwance ta juya wa ƙofa baya. Tsohuwa ta ɗora mini jaririyar a hannu cikin tsumma. Mace ce. Tafukana biyu sun ishe ta kwanciya. Ga gashi baƙi kwance luf a kanta, ga farce, komai an gama mata, sai dai ƙirjin da ke shiga yana fita da sauri. Na kai bakina kunnenta, na yi kiran salla. Ta motsa yatsu. Na ce wa tsohuwa, "Iya, za ta yi rai?" Ta karɓe ta ta tura ta cikin ƙirjin wata mai shayarwa, ta ce in fita in yi ta addu'a.

Jaririyar ta kai la'asar. Muna idar da salla tsohuwa ta fito, ta tsaya nesa kaɗan, ta girgiza kai, kowa ya gane.

Ina da farin yadi a jakata da na sayo tsaraba don surukina, almakashina kuma ba ya rabuwa da ni. Na ce kada kowa ya taɓa, ni zan yanka. Na yi shekara takwas ina ɗinki, ban taɓa yanka ƙyalle ƙanƙane irin wannan ba. Direba ya ja salla, mai goro na gefena kafaɗa da kafaɗa. Muka binne ta a bayan gari, gindin wata aduwa, kafin rana ta faɗi. Ba ta kai kwanan suna ba.

Mota ta kwana a nan saboda mu, ba wanda ya ce uffan a kan goro. Da safe tsohuwa ta ce zazzaɓin ya ɗan sauka, a kai ta wurin uwarta, ta fi kowa iya jinyarta. Ta ɗura mata kunun kanwa mai zafi, ta gasa duwatsu ta naɗe a tsumma aka sa mata a ƙafa. Direba ya ce ya san garin, zai ratse ya kai mu har ƙofar gida.

A hanya na kasa daurewa. Na yi ƙasa da murya na ce, "Me ya hana ki gaya mini? Kwana nawa kina cikin ruwa?"

"Tun Zariya."

"To me ya hana ki magana?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Da wane baki, Malam?" Ta rufe ido. Direba ya zuba wa hanya ido kamar bai ji ba.

Da azahar muka shiga garinsu. Mota ba ta cika zuwa can ba, saboda haka kafin mu tsaya mata sun fito ƙofar gida. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne itace. An jibge shi a jikin katanga, manyan gumagumai, tsayinsa ya fi ni. Wata da watanni mahaifiyarta na tara shi don wankan jego. Wuta ce ta kwana arba'in a ajiye, tafiyar rabin yini daga inda muka binne 'yarmu.

Na sauko, na taimaka mata ta sauko. Tana rungume da ƙunshin tsumman duwatsun nan a ƙirji. Wata mata a cikin taron ta ga ciki ya sauka, ta ga ƙunshi a hannu, sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Wasu biyu suka karɓa. Mahaifiyarta ta taho da sauri tana dariya, ta miƙa hannu biyu, ta ɗaga bakin tsumman. Guɗar ta tsinke a tsakiya. Matata ba ta yi kuka ba, don uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Mahaifiyarta ce ta riƙe ta suka shige ciki.

An hura itacen duk da haka, don jego ba ya faɗuwa saboda babu jariri. Matata ta yi kwana goma tsakanin rai da mutuwa, sannan Allah ya tashe ta. Malamai da yawa sun gaya mini tun daga lokacin cewa ajali ne, ko a kan katifa take abin da aka rubuta sai ya faru. Na yarda, ban musa ba. Amma ni na ɗebo ruwan nan a garwa.

Ranar da zan koma, surukina ya kira ni zaure, ya tara 'yan'uwansa. Na zauna a bakin tabarma, na shirya jin duk abin da za a faɗa mini, har da a ce in sauwaƙe mata. Ya yi gyaran murya ya ce ya tambayi 'yarsa yadda tafiya ta kasance. Ta gaya masa zazzaɓi ne ya kama ta a hanya, kuma mijinta bai runtsa ba, ya saya mata bargo a Kano, ya tsaya a gaban bindiga saboda ita.

"Ba kowane yaro zai baro sana'arsa ana yaƙi ya kawo mace gaban uwarta da kansa ba," in ji shi. "Ana cewa 'yan Kurmi sun manta da al'ada, ga shi ka kunyata masu faɗa. Ubanka ya haifu. Allah ya yi maka albarka."

Dattawan suka shafa, suna jiran in amsa. Ina jin tarinta daga cikin gida. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na dubi fuskar tsohon nan da ke kallona da ƙauna, sai na sunkuyar da kai na ce amin.